Waiwaye: Asalin kalmar "pagan" da mutanen da aka laƙaba wa ita

Ina aji biyu na sakandare na fara cin karo da kalmar pagan. Malaminmu ya rubuta ta a allo, ya juyo ya ce mana ma'anarta arne, ya ci gaba da darasinsa. A bencin da ke gabana akwai wani yaro wanda duk ajin an san iyayensa Maguzawa ne, daga ƙauye ake kawo masa garin dawa da daddawa a ƙulle cikin tsumma duk ƙarshen wata. Har yau ina ganin yadda ya sunkuyar da kai yana murza gefen littafinsa, wasu na dariya ƙasa-ƙasa, ni kuma na yi shiru. Shirun nan ya daɗe yana damuna, shi ne ma ya sa da na girma na bi sawun kalmar don in san daga ina ta fito.

Kalmar ta Latin ce, harshen Rumawan da. Tushenta pagus, wato wani yanki na karkara mai iyaka sananniya, kamar a ce ƙasar dagaci a wurinmu. Masana harshe na danganta ta da aikatau mai nufin kafa abu a ƙasa, irin yadda ake kafa turke ko dutsen iyakar gona. Mutumin da ke zaune a wannan yanki shi ne paganus. Baƙauye ke nan, manomi, mutumin karkara. Ɗaruruwan shekaru kalmar ta yi a bakin Rumawa ba tare da wani ƙamshin addini a jikinta ba. Har biki gare su mai suna Paganalia, wanda ake yi a watan Janairu bayan an gama shuka: a rataye garma a huta, a sa wa shanun huɗa furanni a wuya, a yi yanka don Tellus da Ceres, allolin ƙasa da hatsi a wurinsu. Jikokin kalmar na nan da ransu a Faransanci. Pays ƙasa ce, paysan manomi ne, païen kuma mai bautar gumaka, dukkansu uwa ɗaya ta haife su.

To, yaya aka yi baƙauye ya koma mai bautar gumaka?

Amsar da ta fi yawo ita ce addinin Kirista a birane ya fara kafuwa, irin su Antakiya da Iskandariya da Kartaj da shi kansa birnin Rum, mutanen karkara kuwa suka riƙe abin da suka gada. Wannan bayani tsoho ne, ba na jiya ba. A shekarar 410 Alaric da mayaƙansa na Goth suka shiga birnin Rum suka wawashe shi. Masu bin tsohon addini suka ce ai ga abin da barin allolin kakanni ya jawo. Don mayar musu da martani ne Augustine, bishop ɗin Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rubuta babban littafinsa na Birnin Allah, ya kuma sa wani almajirinsa mai suna Orosius ya rubuta tarihin duniya a kan wannan gardama, wajajen 417. Orosius ya faɗa ƙarara cewa ana kiran waɗannan mutane pagani ne saboda ƙauyuka da mararrabar hanyoyin karkara. Da gani ka san akwai raini a ciki, irin rainin da ɗan birni ke yi wa wanda ya shigo kasuwa da ƙurar gona a ƙafa.

Kuma gaskiya ne karkara ta sha wuya a wancan zamani. A ƙasar Gaul, Faransa ta yau, Martin na Tours, wanda ya rasu a 397, ya yi suna wajen rushe wuraren bauta na ƙauyuka da sare itatuwan da ake girmamawa. A gabas kuma, wani malamin balaga na Antakiya mai suna Libanius ya rubuta wa Sarki Theodosius koke wajajen 386, yana kuka da masu baƙaƙen riguna, wato sufayen Kirista, da ke bin gonaki suna farfasa ɗakunan bauta. Ya ce waɗannan ɗakuna su ne ran karkara, a kansu manomi ke ɗora fatansa game da matarsa da 'ya'yansa da shanunsa da abin da ya shuka. Duk wanda ya taɓa zama da manomi a farkon damina, ya ga yadda yake ɗaga kai yana duban gabas, zai gane abin da mutumin ke nufi ko da bai yarda da bautarsu ba.

Sai dai bayanin na da ɓaraka. Tun wajajen 112, Pliny Ƙarami, gwamnan Bithynia a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Trajan cewa Kiristanci ya bazu ba a birane kaɗai ba, har ƙauyuka da gonaki. Sannan waɗanda suka fi kafewa a kan tsohon addini a ƙarshen ƙarni na 4 ba manoma ba ne, manyan 'yan majalisar dattawan Rum ne, masu dukiya da ilimi. Da Sarki Gratian ya sa aka cire bagadin allahiyar nasara daga zauren majalisar a 382, wanda ya tashi neman a mayar da shi a 384 shi ne Symmachus, shugaban birnin Rum sukutum, Ambrose bishop ɗin Milan kuma ya tare masa hanya. Makarantar falsafa ta Atina, cibiyar masu tsohon addini, ba ta rufe ba sai a 529, zamanin Justinian. Waɗannan ba ƙauyawa ba ne ta kowace fuska.

Shi ya sa wasu masana suka karkata ga wata ma'ana ta biyu da kalmar ke da ita, wadda ta fito daga bariki. A bakin sojojin Rum, paganus na nufin farar hula, wanda bai shiga soja ba, kuma da ɗan wulakanci suke faɗinta, kamar yadda har gobe za ka ji wani soja na yi wa farar hula kallon wanda bai san komai ba. Kiristocin farko kuwa suna ɗaukar kansu rundunar Almasihu, hoton da tuni yake cikin wasiƙun Bulus. Tertullian na Kartaj, a wani rubutu da ya yi wajajen 211 game da wani soja Kirista da ya ƙi ɗora rawanin ganye a kansa ranar rabon kyautar sarki, ya yi wasa da kalmomin biyu, yana nuna cewa a wurin Almasihu farar hula mai imani ma soja ne. Idan mai bi soja ne, to wanda bai yi baftisma ba farar hula ne, sunansa ba ya cikin rajista. A tsakiyar ƙarni na 20 wata masaniyar Latin 'yar Holan, Christine Mohrmann, ta ƙara da cewa kalmar na iya nufin bare kawai, wanda ba ɗan ƙungiya ba.

Ni dai a ganina ba sai an yi ta jayayya kan wanne ne daidai ba, domin duk hanyoyin wuri ɗaya suka nufa. Ko ɗan birni ne ke magana, ko soja, ko ɗan ƙungiya, abin da yake cewa shi ne wancan ba namu ba ne. Kalmar ba ta gaya maka abin da mutum ya yi imani da shi, inda mai magana ya ja layi kawai take nuna maka.

Kafin ƙarshen ƙarni na 4 ta shiga bakin hukuma. Wata dokar Sarki Valentinian ta wajajen 370 ta yi amfani da pagani da ma'anar addini, kuma a 391 da 392 Theodosius ya haramta yanka da bauta a tsofaffin haikalai. Abin lura shi ne mutanen da aka raɗa wa sunan ba su taɓa ɗaukar kansu mabiya addini guda ba. Mai bauta wa Jupiter a Rum, da mai bin Isis a Masar, da sojan da ke shiga kogon Mithras, da masanin falsafar da ke cewa tushen komai ɗaya ne, ba su da littafi ɗaya, ba su da shugaba ɗaya. Idan ka tambayi Barume, zai ce maka hidimar alloli yake yi bisa al'adar magabata. Abokan hamayyarsu ne suka tattara su a buhu guda suka ɗaure bakinsa, daga nan aka samu paganismus, wadda ta zama paganism a Turanci.

A gabashin daular, inda ake Girkanci, wata kalma ce ta yi wannan aiki: Hellene, wato Bagirke. Sarki Julian, wanda ya yi ƙoƙarin farfaɗo da tsohon addini tsakanin 361 da 363, da wannan suna yake alfahari. Bayansa sunan ya zama abin gudu, har Girkawa Kiristoci na Kustantiniya suka riƙa kiran kansu Rumawa, sunan da Larabawa suka san su da shi. Akwai kuma ethnikos, daga kalmar al'umma, wadda ta yi daidai da abin da Littafi Mai Tsarki na Hausa ke kira Al'ummai.

Da tafiya ta yi nisa, kalmar ta riƙa faɗaɗa duk inda Turai ta gamu da wanda ba Kirista ba. Musulmi ma ba su tsira ba. A waƙar yaƙin nan ta Faransawa da ake kira Waƙar Roland, ta wajajen 1100, Musulmin Andalus paien aka kira su, har aka zana su suna bauta wa gumaka uku. Mutanen da ke shaida babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah sau biyar a rana, ga sunan da aka ba su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa Musulmi mai karanta wannan rubutu yadda sunan ke ji a jikin wanda aka jefa da shi. A cikin Turai kanta, Lithuania ce ƙasa ta ƙarshe da sarakunanta suka bar tsohon addini, a 1387.

Mu kuma a kan takardun Turawan mulki ta iso mana. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Ingilishi suka kasa Arewa gida biyu a rubuce-rubucensu: masarautun Musulmi, da abin da suka kira yankunan pagan, irin su tsaunukan Filato da kudancin Zariya. Rabon ya yi aiki a zahiri, domin an taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu, aka sakar musu hanya a ɗaya ɓangaren. Birom da Angas da Tarok da sauran al'ummomi masu harsuna da sarautu da al'adu daban-daban, kalma ɗaya aka yi musu, kamar yadda aka yi wa mutanen Isis da na Jupiter shekaru 1,500 kafin nan. A ƙasashen da Faransa ta mulka, animiste ce ta fi yawa a takardu.

Amma kada mu ɗora komai a kan Bature, domin muna da namu. Yawancin masana na ganin Maguzawa daga majus ta Larabci ta samo asali, sunan mabiya Zaradusht na Farisa, wanda ya zo sau ɗaya a Alƙur'ani, a Suratul Hajji aya ta 17. Ita ma wannan kalma ta yi yawo irin na pagan. A 844, da mayaƙan jiragen ruwa na arewacin Turai, Vikings, suka kai hari Ishbiliya, marubutan Andalus majus suka kira su, alhali ba abin da ya haɗa su da Farisa. Sai dai akwai wani bambanci da ya kamata a faɗa. A fiƙihu majus mutane ne da aka karɓi jiziya daga hannunsu aka bar su da addininsu, kamar yadda aka yi da Majusawan Hajar tun zamanin Annabi (SAW). Saboda haka kiran Hausawan da ba su musulunta ba da wannan suna ya ba su gurbin zama a ƙarƙashin sarakunan Musulmi. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya tarar da su suna noma, suna hidimar iskoki, suna cuɗanya da maƙwabtansu Musulmi. A Nijar kuma ana cewa Azna ko Anna, kuma daga cikinsu ne Sarauniyar Lugu ta fito, wadda ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899.

Arne ita ce ta fi ciwo. A yau ba ma a tsaya ga mai addinin gargajiya ba, ana jefa wa Kirista, wani lokaci har Musulmin da aka raina. Na sha jin ta a tasha da kasuwa daga bakin mutanen kirki, waɗanda da za su ga fuskar wanda suka faɗa wa, da sun haɗiye ta. Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma wannan linzamin ba mai shi ne ya sa wa kansa ba.

A Turai abin ya juya wata fuska. Tun tsakiyar ƙarni na 20 wasu suka ɗauki sunan da hannunsu suna kiran kansu pagan. Gerald Gardner ya fito da wani sabon addini mai suna Wicca fili a Ingila a shekarun 1950, Iceland ta amince da ƙungiyar masu bin allolin kakanninsu a 1973, kuma a ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 mutum kusan 74,000 ne suka rubuta pagan a gurbin addini. A wannan karon masu ita ne suka zaɓe ta da kansu.

Shi kuwa yaron nan na ajinmu, daga baya mun shaƙu. Wata rana muna wanki a bakin rijiyar makaranta na tambaye shi me suke kiran addininsu a gida. Ya yi jim, yana matse rigarsa, sannan ya ce ba shi da wani suna, abin da suka tarar kakanninsu na yi ne kawai.