Waiwaye: Bsharri da rigimar ruwan kan tsauni

A watan Yulin 2023 aka harbe mutum biyu 'yan garin Bsharri a kan Ƙurnatus Sauda, tsauni mafi tsawo a Labanan, mai mita 3,088. Nan take ƙasar ta ɗau zafi, domin mamatan Kiristoci ne Maruniyawa, maƙwabtansu na ɗaya gefen tsaunin kuma, mutanen Bƙa'a Safrin a yankin Dinniya, Musulmi ne 'yan Sunna. Sai dai wanda ya ɗauki abin rikicin addini zalla ya yi gaggawa. Tushensa ruwa ne da filin kiwo.

Bsharri na arewacin ƙasar, a tudu mai kusan mita 1,500, a bakin kwarin Ƙadisha, sunan da ke nufin "mai tsarki" a harshen Suryaniyanci. Kwari ne mai zurfi, duk kogo da duwatsu masu santsi, irin wurin da mahayin doki ba ya shiga da garaje. Shi ya sa Maruniyawa, wato mabiya Marun, wani mai zuhudu da ya rasu a arewacin Sham wajen shekarar 410, suka mai da shi mafaka. Daga ƙarni na 15 har zuwa na 19 shugaban cocinsu a gidan ibadar Ƙannubin yake zaune, cikin dutse. A wani gidan ibadar na kwarin, Ƙuzhayya, aka buga Zabura da injin ɗab'i tun 1610. Sama da garin akwai ragowar kurmin al'ul, itacen nan da ke kan tutar Labanan, wanda aka kewaye da katanga a 1876 don a tsare shi daga awaki. A 1998 UNESCO ta sa kwarin da kurmin cikin kayan tarihin duniya.

Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru dutse na kare su ba sa wasa da ko taƙi ɗaya nasa. Ko da 'yan'uwansu Maruniyawa na garin Zagarta sun daɗe ba sa ga maciji, kuma abin ya ƙara muni bayan kisan Toni Faranjiya, wani jagoran 'yan Zagarta, a garin Ihdin a 1978, lokacin yaƙin basasa.

Dusar ƙanƙarar da ke taruwa a Ƙurnatus Sauda da hunturu ita ke narkewa ta shayar da maɓuɓɓugai da gonakin tuffa idan zafi ya zo. Manoman Dinniya sukan shimfiɗa bututu su ja ruwan, 'yan Bsharri kuma su ce ƙasarsu ce, ana ƙwarar su. Kowane ɓangare na da tsofaffin takardunsa. Awon filaye da aka soma zamanin mulkin Faransa ba a kammala shi ba, saboda haka har ranar da aka yi harbin babu wata iyaka a saman tsaunin da garuruwan biyu suka amince da ita.