Riga ta kulob ce, takalmi fa na wa?

A filin wasa na Pantami a Gombe ko na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, za ka ga 'yan wasa sanye da riga iri ɗaya, amma a ƙafa kowa da nasa: wannan Nike, wancan Puma, wani ma na gwanjo. Doka ce ta bar ƙofar a buɗe.

Doka ta 4 cikin dokokin ƙwallon ƙafa na hukumar IFAB ta wajabta abu biyar: riga mai hannu, gajeren wando, safa, abin kare ƙwauri da takalmi. Ba ta kama sunan kowane kamfani ba. Damuwarta kada kaya su ji wa wani rauni, shi ya sa ake duba ƙusoshin ƙasan takalmi kafin a take wasa. Ta kuma hana saƙon siyasa, na addini ko na ƙashin kai. Sauran magana tana cikin kwantiragi.

Kulob ko hukumar ƙasa ita ke sayar wa kamfani damar yin riga, wando, safa da kayan atisaye, kamar yadda Nike ke yi wa Super Eagles tun 2015. Takalmi da safar hannun gola kuwa ana ɗaukar su kayan sana'ar ɗan wasa, shi ke ƙulla cinikinsu. Messi ya yi shekaru yana sa rigar Nike a Barcelona da takalmin Adidas, ba a taɓa cewa ya yi laifi ba.

Rigima tana tashi ne idan ɗaya ya shiga gonar ɗaya. A gasar kofin duniya ta 1974, Johan Cruyff na Holand, mai yarjejeniya da Puma, ya ƙi sa layuka uku na Adidas, kamfanin da ya yi rigar ƙasarsa, ya buga da riga mai layi biyu. Yau ba za a lamunta ba. A 2013 Mario Götze ya zo taron gabatar da shi a Bayern Munich da riga mai ƙaton tambarin Nike, sai da kulob ya ba Adidas, mai yi masa riga, haƙuri. Nicklas Bendtner na Denmark kuwa, da ya nuna tallar kamfanin caca a wandon ciki a Euro 2012, tarar Yuro 100,000 ya sha da dakatarwar wasa ɗaya.

Yaron da ya samu shiga Wikki Tourists, Gombe United ko Doma United, in dillali ya kawo masa tayin takalmi, kada ɗoki ya sa ya rattaba hannu. Ya fara duba kwantiraginsa da kulob: ya bar masa zaɓin takalmi? Wa ke da ikon amfani da hotonsa? Sannan ya karanta yarjejeniyar kamfanin da kyau, don sau da yawa tana hana shi bayyana da kayan kishiya, alhali kulob na tilasta masa sa kayan kulob a motar tafiya da gaban 'yan jarida. Dole a rubuta wannan togaciyar ɓaro-ɓaro. A kuma fayyace kuɗi ne ko takalma kawai, ƙafa nawa a kaka, kuma me zai faru idan rauni ya zaunar da shi a benci.