Ba da Magani a Aikin Jinya

Ba da magani shi ne zango na ƙarshe a hanyar da magani ke bi daga alƙalamin likita, ta hannun mai harhaɗa magunguna, har ya shiga jikin majinyaci. Da yake nas ce ke tsaye a wannan ƙofa, kuskuren da ya tsallake ta ba shi da sauran mai tare shi. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kuskuren magani yana lashe dala biliyan 42 duk shekara a duniya, ta kuma ƙaddamar da shirin rage munanan illolinsa da rabi cikin shekara biyar. A Saudiyya, Hukumar Abinci da Magunguna da aka kafa a 2003 ita ce ke yi wa magunguna rajista, ita ce kuma ke karɓar rahoton illolinsu.

Makarantun jinya suna koyar da abubuwa biyar da ake tabbatarwa kafin a miƙa ƙwaya ko a soka allura: majinyacin, maganin, adadinsa, hanyar shigarsa jiki, da lokacinsa. Na farkon ana ganinsa kamar mai sauƙi, amma a asibitocin Makka da Madina, inda Hausawa mazauna ƙasar da alhazai ke kwanciya, nan ne aka fi tsoron tuntuɓe. Ana iya samun Muhammad Abubakar biyu a ɗaki guda, kuma dattijon da bai jin Larabci ko Turanci yakan gyaɗa kai ga duk sunan da aka kira, don kawaici. Saboda haka ƙa'ida ita ce a nemi majinyaci ya faɗi sunansa da bakinsa, sannan a gwada shi da lambar fayil da ke kan abin shaidar da aka ɗaura masa a wuyan hannu. Lambar gado ba shaida ba ce, domin ana sauya wa mutane gado.

Tambayar abin da mutum yake sha tun daga gida ita ma tana cikin aikin. Alhaji yakan iso da ƙwayoyin hawan jini ɗaure a leda ba kwali ba suna, wani lokacin har da jiƙo ko garin gargajiya wanda ba zai ambata ba sai an tambaye shi da Hausa, cikin girmamawa. Farasitamol ya isa misali: iyakar babban mutum giram 4 ce a yini, amma sinadarin yana cikin Panadol yana kuma cikin magungunan mura da dama, har mutum ya zarce iyaka ya illata hantarsa bai sani ba.

Akwai magungunan da kuskure kaɗan a kansu yake kisa, shi ya sa asibitoci da yawa ke shar'anta nas biyu su duba su tare. Sinadarin fotasiyam mai kauri ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya, sai an tsarma shi a ƙarin ruwa ya sauka a hankali, in ba haka ba yana tsayar da zuciya. Kafin a ba da digoksin, wani maganin ciwon zuciya, ana ƙirga bugun zuciya minti ɗaya cif, idan ya gaza 60 ga babba a dakata a sanar da likita. Insulin kuwa ya fi shafar mutanenmu, ganin yawan masu ciwon suga. Wanda aka saba da shi yana da awo 100 a kowace mililita, kuma da sirinjinsa na musamman ake zuƙo shi. Wanda ba a buɗe ba ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 da 8, wanda aka fara amfani da shi kuma yakan yi kusan kwana 28 muddin zafi bai haura digiri 30 ba. A Mina da Arfa, inda zafin bazara ke wuce 45, insulin da ya yini a jakar alhaji ƙarfinsa na iya raguwa alhali kamanninsa ba su sauya ba. Haka nan idan majinyaci na azumi, likita ne ke sauya adadi da lokaci, domin allurar da aka yi ba a ci abinci ba tana faɗar da suga, sai gumi da karkarwa da ruɗewa su biyo baya.

Aikin bai ƙarewa da haɗiye ƙwaya. Wata illar sananniya ce, kamar jiri bayan maganin hawan jini ko taurin bayan gida bayan mofin, maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi. Wata kuma gaggawa ce: borin jini, kumburin leɓe da harshe da sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan allurar fenisilin alamu ne na jiki ya ƙi magani ƙi mai tsanani, kuma abin da ake fara yi shi ne a tsayar da maganin, a yi wa babba allurar adirenalin miligiram 0.5 a tsokar cinya. Wata illar kuma tushenta abin da mutum ya gada ne daga iyaye. Ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ya yawaita a Afirka ta Yamma da gabashin Saudiyya, kuma mai shi idan ya sha firimakwin na zazzaɓin cizon sauro ƙwayoyin jininsa kan farfashe, fitsari ya yi baƙi, ido ya yi rawaya. Nas tana rubuta magani a fayil bayan ta ba da shi, ba kafin nan ba, tare da lokacin da duk abin da ta gani a jikin majinyaci, ko da ƙin shan maganin ya yi.