Dodanni a bango: amsoshin mai tsaron ƙofar baje kolin zane a Samaru

Sati uku ke nan ina zaune a bakin ƙofar zauren da ɗan yayata ya baje zane-zanensa a Samaru, Zariya. Halittu ne ya zana waɗanda babu su a daji, babu su a ruwa: dodanni, tsuntsaye masu ƙafar akuya, wata kifanya mai kitso. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na rubuta. Wanda ya sake tambayata ɗaya daga cikin waɗannan, nan zan turo shi.

Nawa ne kuɗin shiga?

Kyauta ne. An rubuta a ƙofa.

Wai ganin aljanu yake yi?

Ba ya gani. Yaron nan ko gafiya ta gifta a tsakar gida sai ya hau turmi. Wannan ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, don ba a zauren take tsayawa ba, har gida take bin uwarsa. Wata maƙwabciya ta je ta same ta da cewa, "Yaya, a kai shi ruƙiyya tun da wuri." Haba jama'a. Kakarku da ta zaunar da ku a tabarma bayan isha'i ta ce gatanan gatananku, ta kawo muku Dodo da Gizo da Ƙoƙi da Botorami, wa ya ce a kai ta ruƙiyya? Abin da ta yi da baki shi ya yi da burushi.

A taɓa?

A'a.

Ko da yatsa ɗaya?

A'a, Malam. Fentin mai ne, kuma wurin da aka lafta shi da kauri sai ya yi wata shida zuwa shekara bai gama bushewa ta ciki ba, ko da samansa ya yi kamar ya bushe. Ranar Asabar wani yaro ya danna babban yatsa a idon kifanyar nan mai kitso. Shatin yana nan, har layukan yatsan ana gani. Ubansa ya ce ai yaro ne. Na sani yaro ne, shi ya sa aka ce a riƙe masa hannu.

Wannan ɗan mitsitsin mai hular ƙudan zuma fa, mene ne?

Yawwa, ga tambayar da nake jin daɗi. Zankallala ke nan, kuma abin kunya ne a ce cikin masu shigowa tsofaffi kaɗai ke gane shi. A tatsuniya bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Kurege ne dokinsa, maciji ne sandarsa, kunamu ne ƙaiminsa, taron ƙudan zuma ne hularsa, tsuntsaye na biye suna yi masa kirari. Dodo ya haɗiye shi, shi kuwa ya fasa ya fito. Ku matso kusa da zanen (kusa na ce, ban ce a taɓa ba) ku duba hular. Kowane ƙuda da ɗigon ruwan ɗorawa guda aka yi shi, da bakin tsinken tsintsiya, ba da burushi ba. Ina kallonsa ya kwashe kwanaki a kai. Dodon kuwa ba a nuna shi gaba ɗaya ba, ƙafa ɗaya ce kawai ta sauko daga saman zanen, kaurinta kamar gindin kuka.

To ai Dodo ba haka yake ba.

Yaya yake? Wata Hajiya daga Tudun Wada ta tsaya ta rantse mini Dodo gashi ne da shi har ƙasa. Wani dattijo daga cikin birni ya ce ƙarya ne, a ruwa yake, jikinsa sulɓi. Suka yi ta yi har na kawo musu kujeru. Tatsuniya ba ta taɓa ba Dodo fuska guda ba, kowa da wanda ya ƙera a ransa lokacin da aka hure fitila. Mai zanen ya fito da nasa. Idan naka ya fi, ga takarda da gawayi a kan teburin baya.

Wannan ba kwaikwayon Turawa ba ne?

A Zariya kake wannan tambayar? A garin nan ne a 1958 ɗaliban zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar da daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Tawayen nasu shi ne ƙin zama 'yan amshin shatan malamansu Turawa: suka ce za su karɓi dabarun aiki na zamani, amma abin zanawa daga gida za su ɗauko. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya tattara tatsuniyoyin Ibo ya zana halittun da ke cikinsu. Onobrakpeya ya koma ga na Urhobo. A Osogbo kuma Twins Seven-Seven, wanda ya rasu a 2011, ya yi suna a duniya da zanen iskokin dajin Yarbawa. Kowa ya ɗebi na gidansu tun sama da shekara sittin. Mu ne muka yi nawa, sai yanzu da ɗanmu ya taɓa Zankallala ake ce masa Bature.

Za a iya ɗaukar hoto?

Ɗauka, amma kashe fitilar wayar, ƙyalli kawai za ta ba ka. In za ka sa a Facebook ka ambaci mai aikin.

Ina so in saya in rataye a falona. Babu laifi?

Zauna tukuna, wannan ba a amsa ta a tsaye. Da farko ni mai tsaron ƙofa ne, ba mai fatawa ba, kuma duk abin da zan faɗa ka kai wa malaminka ya tace maka.

Hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, babu mai wasa da shi. Inda malamai suka rabu shi ne wace sura ake nufi. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, abin da aka haramta kai tsaye shi ne siffar mai rai da aka ƙera tana da jiki da inuwa, gaɓoɓinta cikakku, wato irin mutum-mutumi. Zanen da ke kwance a kan takarda ko ƙyalle kuwa, in an ɗaukaka shi kamar a rataye a bango, makaruhi suka ce. Wasu malaman, kuma suna da yawa a garin nan, ba su yarda da wannan rarrabewar ba, a wurinsu duk zanen hannu na mai rai haramun ne. Sannan ga wata ƙura: abin da aka zana ɗin babu shi a halittar Allah. Masu sassauci kan kawo ruwayar Abu Dawud ta dokin wasan Nana A'isha mai fukafukai biyu, wanda Manzon Allah (SAW) ya gani ya yi dariya. Masu tsanantawa su ce wancan kayan wasan yara ne, ba a yin ƙiyasi da shi. Ka ga ke nan ba ni zan raba wannan gardama ba.

Abin da na ga masu saye suna yi, in zai amfane ka: wasu na zaɓar waɗanda ba su da cikakkiyar siffa, kamar wanda sawu ne kawai a kan yashi da inuwa. Wasu su kai shi ofis ko shago maimakon gida. Kusan kowa na kauce wa ɗakin da yake salla, balle bangon alƙibla. Kuma don Allah ka yi shawara da uwargida kafin ka biya. An dawo mana da guda bayan kwana biyu, maigidan na sosa ƙeya, wai ta ce ko ita ko kifanya. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, bar shi, kallo kyauta ne, ba wanda zai ga laifinka.

In kuma ka saya, to ka sani yanayin garin nan ba ya raga wa zane. Kada ka rataye shi inda rana ke dukan sa ta taga, launin zai koɗe. Kada ka manna shi da bangon da ke tsatsafo da damina, ka bar ɗan tsakani iska ta riƙa ratsawa, in ba haka ba bayan ƙyallen zai yi fumfuna. Da hunturu ƙura za ta hau, ka kaɗe da burushi mai laushi, busasshe. Ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da sabulu, ban da kananzir, wanda wani bawan Allah ya tambaye ni ko zai sa shi sheƙi. Lokaci lokaci ka juya bayan ka duba katakon, gara ba ta san darajar Zankallala ba.

Me ya sa yake da tsada haka? Ai fenti ne kawai.

Babbar rigarka ma zare ne kawai. Ka je wurin masu ɗinkin hannu a cikin birni ka ce musu aska takwas zare ne kawai, ka ji abin da za su gaya maka. Ana yin ciniki, amma da mai aikin, ba da ni ba.

Yara ba za su tsorata ba?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Tun da aka buɗe yaro ɗaya ne ya yi kuka, shi ma alewarsa ce ta faɗi. Su ne ma ke tsayawa su ƙirga ƙafafun kowace halitta, su gano wadda aka ba ta bakwai. Manya ne ke shigowa suna a'uziyya ƙasa ƙasa, su leƙa sau ɗaya su fita.

Zai zana mini hoton mahaifina?

Ba ya zanen mutane. Masu yin haka suna nan da yawa a Samaru, kuma sun iya.

Daga cikin birni yaya ake zuwa?

Hau mota a Ƙofar Doka zuwa Kwangila, daga nan ka kama ta Samaru. Muna buɗewa da hantsi, mu rufe kafin magariba. Ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci, kada ka zo da safe ka yi ta buga mini ƙofa.