Maganin rabon amosanin ido: ku sha, amma kar ya zama maganin komai

Jama'a ana yawan tambayarmu, wai in ana ba gari guda antibayotik duk shekara saboda amosanin ido, ƙwayoyin cuta ba za su saba da shi ba? Gaskiya suna sabawa, kuma gara ku ji daga bakinmu.

Maganin nan azitromaisin ne, kamfanin Pfizer ke bayar da shi kyauta tun 1998, sau ɗaya ake sha a shekara. Ita ƙwayar da ke kawo ciwon idon har yanzu maganin yana cinta sosai, alhamdulillahi. Matsalar tana wajen maƙwabtanta, don in yaro ya haɗiye maganin ba ido kaɗai yake zuwa ba, yana ratsa hanci da maƙogwaro da hanji, can kuma akwai wasu ƙwayoyin zaune shiru irin mai kawo nimoniya da ciwon kunne, masu rauni su mutu masu taurin kai su rage su hayayyafa. An ga haka a binciken da aka yi a Habasha da Tanzaniya da Nijar. An kuma ga cewa in aka tsayar da rabon, bijirewar da ƙwayoyin ke yi wa maganin tana raguwa sannu a hankali.

Toh shi ya sa nake roƙonku kar ku ƙi sha. In ba a samu aƙalla kashi 80 cikin 100 na mutanen gari sun sha ba cutar dawowa take, sai a ƙara shekara ana rabo, ƙwayoyin nan su ƙara samun lokacin sabawa. Kuma duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa gashin idonta ya juya ciki, ko ƙiftawa ta yi yana kartar mata ido har ya yi fari, wallahi ba zai yi wasa da abin nan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɓoye ƙwayar maganin a aljihu wai sai ranar mura, ko a raba biyu da ɗan'uwa, ko a wuce kemis a siyo irinsa da zarar yaro ya yi tari. Dan Allah a bari. A shanye a gaban ma'aikaci. Jaririn da bai kai wata 6 ba man ido na tetrasaikilin ake ba shi.

Sannan a dinga wanke wa yara fuska kullum, kwantsa da majina su ke kiran ƙuda, ƙudan kuma a kashin da aka yi a fili yake haihuwa. A haƙa masai, a rufe bakinsa, kowane yaro da tsumman goge fuskarsa.