Kilti na ulu: sanya shi a zafi da wurin aiki

Kilti tufa ce ta maza da ta samo asali daga tsaunukan arewacin Sikotland. Ana ɗaura shi a ƙugu ya sauka zuwa gwiwa; bayansa ninki ne jere da juna, gabansa kuma shafi biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Na gargajiya ana ɗinka shi da yadin ulu mai zanen layuka masu gicciye, wanda ake kira tartan. Yawancin mutane sun san shi a matsayin kayan biki da faretin soja, amma tarihinsa na kayan aiki ne, kuma an sha gwada shi a ƙasashen da rana ke dukan ƙasa fiye da yadda masu saƙa shi suka taɓa gani.

Asalinsa

Tun ƙarshen ƙarni na 16 mutanen tsaunin ke amfani da babban mayafi guda na ulu, wanda ake tattarawa a ɗaure da ɗamara a ƙugu, rabin sama a yafa a kafaɗa. Da dare shi ne bargo. Ƙaramin kilti na yau rabin ƙasan wannan mayafi ne, kuma ya bazu a farkon ƙarni na 18. Wata wasiƙa da aka buga a 1785 ta ce wani Bature ɗan Ingila mai suna Thomas Rawlinson, wanda ke da masana'antar narka ƙarfe a Invergarry, wani ƙauye a tsaunukan Sikotland, shi ya sa aka yanke rabin saman domin yana hana masu saran itace da masu hura wuta sakewa. Masana tarihi da dama ba su yarda shi ya ƙirƙiro shi ba. Ko ma wane ne, dalilin da labarin ya kawo mai ma'ana ne: mai aiki a bakin wuta ba ya son tulin ulu a kafaɗa.

A 1746 gwamnatin Birtaniya ta haramta tufafin mutanen tsaunin bayan tawayen da suka yi, sai dai ta keɓe sojojinta. An soke dokar a 1782. Cikin waɗannan shekaru rundunonin soja ne suka riƙe kilti, kuma su suka kai shi ƙasashen zafi.

Yadda zafi ke aiki a cikinsa

Cikakken kilti yana cin yadi takwas, wato sama da mita bakwai. Ana gane kaurin yadin da nauyinsa, wanda ake aunawa da ma'aunin Turawa mai suna oza: mai nauyi oza 16, matsakaici 13, mara nauyi 10 ko 11. Wanda aka ɗinka da mai nauyin yana kaiwa kusan kilo biyu. Wanda ya ji wannan adadi zai ɗauka ba a iya yini da shi a rana, amma abin ba haka yake ba kai tsaye.

Ƙasan kilti a buɗe yake. Duk taku ɗaya ninkin baya yana lilo, yana kora iska mai ɗumi waje, sabuwa ta shigo, abin da wando ba ya yi. Shi kansa ulu yana tsotse danshi har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kafin jiki ya ji ya jiƙe, don haka gumi ba ya manne shi da fata. Inda zafin ke taruwa shi ne ƙugu da gadon baya, wurin da aka ɗinke ninkin aka sa masa shafi mai tauri daga ciki. Tela gwani yakan rage yadin da ya taru a nan ta ciki don kada ya yi tudu. Wanda aka yi wa ɗinki na ha'inci kuwa, a wannan wuri zai fara gane kurensa.

Sau da yawa ma ba kiltin ne ke wahalar da mutum ba, rakiyarsa ce: doguwar safar ulu har gwiwa, falmaran, da kwat mai kauri. Shi ya sa masu sanya shi da rani a Amurka da Ostareliya kan zaɓi mai yadi biyar ko mai oza 11, su haɗa da rigar auduga da safa mara kauri.

Darasin fagen daga

Sojojin Sikotland sun yi yaƙi sanye da kilti a Indiya a 1857, a Masar a 1882, da kuma Sudan a 1898, a Atbara da Omdurman. Abin da ya fi cutar da su ba turiri ba ne, tsiraicin ƙafa ne. A yaƙin Magersfontein na Afirka ta Kudu, cikin Disamba 1899, sun kwanta rub da ciki tsawon yini a ƙarƙashin ruwan harsashi, rana ta ƙona musu bayan gwiwa har ya yi bororo. A wannan yaƙi aka riƙa ɗaura wa kilti ƙyallen kaki ta gaba, domin duhun launinsa yana tona asirin mai shi daga nesa. Ga kuma ƙaya, ga cizon sauro.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo da nasa: taɓo ya bushe a gefen yadin yana yankan fata, kwarkwata ta sami mafaka a cikin ninki, iskar guba mai ƙona fata ta sami hanya. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka daina shiga yaƙi da shi, ya koma kayan fareti.

A wurin aiki yau

Masu busa algaitar Sikotland, masu yi wa baƙi jagora a Edinbara, babban birnin Sikotland, ma'aikatan wasu otal-otal da 'yan wasan jifan gungume a wasannin gargajiya duk da kilti suke aikinsu. Ulu na da wata fa'ida ga mai aiki kusa da wuta: ba ya saurin kamawa, kuma ba ya narkewa ya manne da fata kamar yadin roba. Illarsa a bayyane take. Ba shi da aljihu, sai 'yar jakar da ake ratayawa a gaba. Ba a jefa shi a injin wanki. Asu yana cinsa. Kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin a shafa masa bakin mai. Dogon zama a kujera yana murƙushe ninkin, sai an koyi share shi da hannu kafin a zauna. A kusa da injin da ke juyawa, ko a kan tsani, ko inda doka ta wajabta rufe ƙafa, bai dace ba sam.

Wannan giɓi ne kamfanin Utilikilts na birnin Siyatil a Amurka ya shiga cikewa tun 2000, da kilti na auduga mai kauri, mai manyan aljihuna da wurin rataye guduma. Masu ra'ayin gargajiya a Sikotland da yawa ba sa kiransa kilti, kafintoci da magina kuwa suna sayensa saboda ana wanke shi kamar wando.