Zagayen Ngaundere da Ƙauyukanta a Bayan Mashin: Tambayoyin da Baƙi Ke Yi

'Yan uwa daga Kano, Yola da Damagaram kan sauka Ngaundere, babban birnin yankin Adamawa na ƙasar Kamaru, don fatauci ko biki, su gama abin da ya kawo su, a samu rarar kwana ɗaya ko biyu. Ga abin da suka fi tambaya idan an ce musu su hau mashin su ga gari.

Me ya sa mashin, ba mota ba?

Domin abin kallon yana inda kwalta ta ƙare. Hanyoyin ƙauye jar ƙasa ce mai kwazazzabai, inda ƙaramar mota za ta kafe nan mashin zai raɓa gefe ya wuce. Ga arha, ga shi kana tsayawa duk inda ranka ya so.

To wa zan ɗauka? Ba duk ɗan acaba ne zai iya ba?

A'a, kuma duk tafiyar a nan take gyaruwa ko ta lalace. Wanda ya san lungunan Sabongari ba lallai ya san hanyar gangaren ruwan Tello ba, amma da wuya ya faɗa maka haka, sai kun yi nisa ka ga yana tsayar da makiyaya yana tambaya. Ka bar wa mai masaukinka zaɓen. Ya samo wanda aka san gidansu, mai jin Fulatanci sosai, domin Hausa za ta fisshe ka a kasuwa, amma a ƙauyukan Adamawa Fulatanci ake yi, a shingen jandarmomi kuma Faransanci. Ka ce ya nuna maka lasisi da takardun mashin tun a gida. Ka duba taya da burki da idonka. Hular kwano ba kowa ke da ta fasinja ba, ka nema tun jajibiri.

Ni dai na fi yarda da magidanci a kan saurayi mai sabon mashin. Magidanci yana son ya koma gida.

A cikin gari me za a gani?

Fadar Lamiɗo ce farko. Fulani ƙarƙashin Arɗo Njobdi ne suka kafa sarautar wajen 1835 a ƙasar ƙabilar Mbum, kuma har yau zaurukan fadar na nan da manyan ginshiƙan ƙasa da rufin ciyawa mai saukowa kusan ƙasa. In ka dace da Juma'a, tsaya ka ga fitowar Lamiɗo zuwa masallaci, da algaita da kakaki da dogarai. Wanda ya saba da hawan Kano zai ga abin kamar a gida, sai dai kirarin ya sauya harshe. Daga nan a hau dutsen da garin ya ci sunansa, a leƙa tashar jirgin ƙasa, inda layin dogon da ya taso daga Yawunde ya ƙare tun 1974. Kada ka bar gari ba ka sayi kilishi ba.

Wajen gari fa?

Na kusa su ne tafkin Tison, wanda ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, da gangaren ruwan Vina a hanyar Meiganga. Safiya ɗaya ta ishe su. Tello kuwa wuni guda take ci. Ruwan yana zubowa daga saman dutse, a bayansa akwai kogo mai faɗi da mutum zai shiga ya tsaya, ruwa na sauka a gabansa, feshi na jiƙa masa riga. Gangarar tana da santsi, silifa ba nata ba ne. A wannan ɓangaren ne kuma ƙauyen Idool yake, wanda aka kafa a shekarun 1950 da tituna miƙaƙƙu da itatuwan turare jere gefe da gefe.

Sai dai ƙauye ba wurin kallo ba ne, gidan mutane ne. Jagora na ƙwarai ba zai bari ka fara yawo ba sai ya kai ka gaisuwa wurin jauro, wato mai gari. A cire takalmi a ƙofar zaure, a durƙusa, a faɗi daga inda aka fito, a ajiye goro ko sukari da ganyen shayi. Bayan wannan ƙofa a buɗe take, har kindirmo za a kawo maka. Waya ta zauna a aljihu tukuna. Ɗaukar hoton mata a bakin rafi ko ƙirga shanun mutum da yatsa, wannan neman magana ne.

Wane lokaci ya fi?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Damina a nan doguwa ce, tun Afrilu har Oktoba, laka kuma ba ta san gwani ba. Garin ya haura mita 1,000 a kan tudu, saboda haka sanyin asuba a kan mashin ba wasa ba ne. Ɗauki rigar sanyi da rawanin tare ƙura.

Kuɗi da takardu?

A yanke ciniki kafin a tayar da mashin, a faɗi wanda zai sayi mai da abinci. Ku cika tanki a gidan mai na gari, kada ku dogara da zuwa-zuwa, wato man kwalba na 'yan bumburutu, a hanya. Mutanen Nijar su lura: sefar nan ta Afirka ta Tsakiya ce, darajarsu ɗaya da taku amma ba a karɓar taku a kasuwa. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara a jikinka, ba a masauki ba.

Na ji ana yabon duwatsun ƙauyen Rumsiki. Za a iya ƙarasawa?

Wannan wata tafiya ce daban, can lardin Arewa Mai Nisa, ta Marwa da Mokolo, dab da iyakar Najeriya. Tun da aka sace wasu Faransawa kusa da Waza a 2013 yankin ya zama sai da shawarar hukuma. Ko a nan Adamawa an sha fama da masu garkuwa da makiyaya a dazukan gabas. Idan jagoranka ya ce yau ba a bin hanya kaza, kada ka ja da shi, kuma ku shigo gari kafin magariba.